Kafin ki biya kuɗin gwajin nan, a fara warware maganar siliyak

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Sau biyu na karanta tambayarki, don kamar labarina kike bayarwa. Kin ce wata biyar ke nan da kika bar alkama da duk abin da ke da guluten (furotin ɗin da ke cikin alkama da sha'ir), da farko kin ji sauƙi, yanzu kuma kumburin ciki da zawo sun dawo, shi ne kike son yin gwajin nan da ake tallatawa, wanda ake tsaga yatsa a ɗiga jini a ce za a gano miki abinci sama da ɗari da ba su karɓe ki ba. Don Allah ki dakata. Na yi shi, kuma zan gaya miki yadda muka ƙare. Amma akwai abin da ba ki ambata ba, shi ya fi tsaya mini a rai: an gwada ki cutar siliyak, wato wadda guluten ke sa garkuwar jiki ta riƙa lalata bangon ƙaramin hanji, kafin ki daina cin alkamar?

Ni ba a gwada ni ba. Na ga ciki ya lafa da na bar burodi, sai na ce ai na gano maganin kaina. Sai da na yi kusan shekara a haka kafin na je wurin likitan ciki, ya ce mini jinin da zai ɗiba yanzu ba abin da zai nuna. Gwajin, wanda ake kira tTG-IgA, yana neman sinadarin da garkuwar jiki ke fitarwa ne idan ta haɗu da guluten. In kin daina ci, sinadarin yana raguwa, hanjin ma ya fara warkewa, sai a ce lafiyarki ƙalau alhali cutar na nan kwance. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, cewa ta yi a ci abinci mai guluten fiye da sau ɗaya a rana na aƙalla mako 6 kafin a ɗibi jinin. Da na ji haka hankalina ya tashi, don na san wahalar da na baro.

Abin da ya sassauta mini shi ne gwajin ƙwayoyin gado, HLA-DQ2 da DQ8. Shi babu ruwansa da abin da kike ci. In ba a same su a jikinki ba, kusan a ce an rufe maganar siliyak, ba sai kin koma kan alkama kin sha wuya a banza ba. In kuwa an same su, ba hujja ba ce tukuna, domin kusan mutum 1 cikin 3 na ɗauke da su, masu cutar kuwa ba su wuce kamar 1 cikin 100 ba. Ni an samu DQ2, don haka na daure na yi makonnin nan shida, aka ɗibi jini, aka zura kyamara ta baki aka gutsuro ɗan naman ƙaramin hanji. Siliyak ce. Idan za a ɗebi naki jinin, ki tambaya a haɗa da auna IgA gaba ɗaya, wato nau'in sinadarin garkuwar da gwajin ya dogara da shi, saboda wasu jikinsu ba ya yin sa da yawa, sakamakon sai ya ruɗe likita.

Za ki iya cewa to mene ne amfanin sunan cutar tunda kin riga kin bar abin? Amfanin da yawa. Mai siliyak har abada ne, kuma ɓurɓushin da ya maƙale a cokali ko allon yanka yana iya taɓa hanjinta, shi ya sa ma'aunin abincin da ake rubuta wa "babu guluten" bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Ana bibiyar ƙarfen jininta, da bitamin B12 da D, da ƙarfin ƙashi, kuma ana son a gwada iyaye da 'yan'uwan ciki ɗaya da 'ya'ya. Zawon da ya dawo miki ma zai iya zama guluten ne ke shigowa ta inda ba ki zata ba, kamar sha'ir da ake sakawa a kayan ƙamshin abinci, ko hatsin ot da ya cuɗanya da alkama tun a gona.

To, gwajin yatsan. Wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IgG yake aunawa. Nawa ya dawo da jerin abinci 23 da jan rubutu: ƙwai, madara, shinkafa, tumatir, duk abubuwan da na dogara da su tun da na bar alkama. Daga baya na fahimci dalili. IgG shaida ce kawai cewa jiki ya saba da abincin, shi ya sa abin da kika fi ci shi ke fitowa a sama. Ƙungiyar likitocin alaji ta Turai ta faɗi tun 2008 cewa bai dace a gano cuta da shi ba, ta Amurka ma ta goyi bayanta. Ni kuwa na bi jerin sau da ƙafa har wata huɗu. Na rame, ƙarancin jini ya ƙaru, na koma tsoron duk abin da aka ajiye mini a faranti, cikin kuma bai daina kumbura ba. Har yanzu in na tuna raina na sosuwa.

Alaji na gaskiya ba ya ɓuya haka. Cikin mintoci zuwa awa 2 da cin abin za ki ga borin jini, ko leɓe ya kumbura, ko amai, ko numfashi ya riƙe. Shi sinadarin garkuwa mai suna IgE ake aunawa, a jini ko a ɗiga a fata a ɗan soka, a duba bayan minti 15, kuma sai an ajiye maganin ƙaiƙayi kwanaki kafin na fatar. Ko ya nuna akwai, likita sai ya haɗa da labarinki, wani lokaci a ba ki abincin kaɗan-kaɗan a asibiti ana kallonki. In alkama ta taɓa sa miki irin waɗannan alamu, kada ki kuskura ki koma cinta a gida don gwaji.

Abin da kika bayyana ya fi kama da abincin da ciki ya kasa narkarwa, kuma madara zan fara zargi. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan 'yan tsiron bangon hanji yake zama, su ne kuwa siliyak ke share wa. Tawa matsalar ke nan. An ba ni ruwan laktos, wato sukarin madarar, na sha, ina hura iska a wata 'yar na'ura duk bayan rabin awa har awa 3, ta nuna ba na narkar da shi. Abu ɗaya ke nan, ba 23 ba, kuma da hanjin ya warke bayan shekara guda na koma shan madarata.

Ki duba kayan leda da kika koma saya ma. Burodi da biskit marasa guluten sukan zo da garin wake, da sinadaran ƙari irin su inulin da sobitol, duk masu tara iska ne. Haka albasa da tafarnuwa, suna da sukarin furuktan irin wanda ke cikin alkama, kuma wasu da suke zaton guluten ne ke damunsu ashe shi ne. Jami'ar Monash ta Ostireliya ta tsara hanyar da ake kira FODMAP don wannan: a rage irin waɗannan abinci masu tara iska na mako 2 zuwa 6, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Ki yi da masanin abinci in kin samu, kuma kada ki zarce a kai.

Kafin ranar ganin likita, ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci, da lokaci, da yadda ciki ya yi. In za ki cire abu, guda ɗaya ki cire na mako 2, ki dawo da shi na kwana 3 ki gani. Amma in kina ganin jini a bayan gida, ko kina ramewa, ko zawo na tashinki cikin dare, kada ki tsaya rubutu, ki tafi asibiti cikin makon nan. Ki sanar da ni ko an taɓa yi miki gwajin siliyak ɗin, da kuma awa nawa bayan cin abinci cikin ke fara tashi.