Wace manhajar zane ce ta dace da zane mai motsi?

Tambaya: Ina so in riƙa zana mutane sannan in sa su yi motsi a manhajar motsa zane ta Moho ko Live2D. Da wace manhaja zan yi zanen? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abin dubawa na farko shi ne ko manhajar tana fitar da fayil ɗin PSD (nau'in fayil na Photoshop) da leya-leya (wato shimfiɗun zane da ake ɗora wani a kan wani) a rarrabe, domin shi Moho da Live2D suke karɓa. Photoshop da Clip Studio Paint duk suna yi, amma sai da kuɗi. Krita kyauta ce, kuma ita za mu ba mai farawa shawara ya ɗauka.

Inda aka fi samun matsala shi ne wurin rarraba jiki. Dantse, sangalin hannu, tafin hannu, kowanne da leyarsa da sunansa daban, kamar "hannu_dama" da "hannu_hagu". Sunaye iri ɗaya suna rikita aiki idan ka gyara zanen ka sake shigo da shi. Ka kuma zana abin da ido ba ya gani: ƙarshen dantse ya shige ƙarƙashin riga, a zagaye shi a gwiwar hannu. In ba haka ba, da hannu ya lanƙwashe sai rami ya bayyana a gaɓar.

Kafin ka adana, haɗe layukan zane da launin kowane sashe su zama leya ɗaya, tsarin launi kuma ya kasance RGB (na allon kwamfuta), zurfin launi bit 8. Live2D ba ya aiki da CMYK, tsarin launin bugawa a takarda. Gwada da hannu ɗaya tukuna kafin ka zana jikin duka.