Filin Tambayoyin Kwamfuta: Fayil Yana Nan, Rumbun Bayanai Ya Ƙi Buɗe Shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke riƙe da rajistar wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan Argungu. Mun rubuta sunayen manoma da lambar waya da girman gona a Excel, na mayar da shi CSV, wato fayil ɗin rubutu zalla da ake raba bayanansa da waƙafi, layi sama da dubu goma sha biyu. Ina son in zuba shi cikin rumbun bayanai na PostgreSQL a kan Ubuntu, sai na rubuta COPY manoma FROM '/home/ofis/manoma.csv' CSV HEADER. Amsar da nake samu ita ce "could not open file for reading: Permission denied". Ni na ƙirƙiri fayil ɗin, kuma yana buɗe mini lafiya lau. Har chmod 777 na yi masa, shiru. Allah shi ƙara basira.
Daga mai karatu a Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Amin, mun gode. Ba kai ke buɗe fayil ɗin ba, Malam. Idan ka ba da umarnin COPY, aike ka yi, wanda zai je ya ɗauko kuwa shi ne PostgreSQL, kuma yana aiki ne da wani asusu nasa mai suna postgres. Makullin da ke aljihunka bai amfani ɗan aike da komai ba.

Shi ya sa 777 ɗinka bai yi aiki ba. Ka buɗe ƙofar ɗaki ne alhali zaure a kulle yake. A Linux lambar izini tana da gurbi uku: na mai fayil, na rukuninsa, na sauran jama'a. A kowane gurbi 4 karatu ne, 2 rubutu, 1 kuwa idan folda ce yana nufin izinin ratsawa, ana haɗa su ne, 7 ke nan duka ukun. Kafin postgres ya isa ga manoma.csv sai ya ratsa /home, sannan /home/ofis. Tun daga Ubuntu 21.04, foldar gidan kowane sabon asusu tana zuwa ne da 750, wato sifili a gurbin sauran jama'a, kuma postgres yana cikin sauran jama'a. A nan aka tare shi.

Kada ka tsaya a kan zato. Rubuta namei -l /home/ofis/manoma.csv, zai jero maka kowace folda da izininta daga sama har ƙasa. Idan ka ga drwxr-x--- a gaban ofis, ƙofar da ta tare shi ke nan. Sannan ka gwada da rigar ɗan aiken: sudo -u postgres head -n 3 /home/ofis/manoma.csv. In layi uku sun fito, izini ya samu. In ba su fito ba, maimaita COPY ɓata lokaci ne.

Mafita mafi sauƙi ita ce ka shiga psql, manhajar da ake rubuta wa PostgreSQL umarni da ita, ka sa karkatacciyar sanda a gaban umarnin: \copy manoma FROM '/home/ofis/manoma.csv' CSV HEADER, duka a layi ɗaya. Wannan karon psql ne zai karanta fayil ɗin da izininka, ya miƙa wa rumbun. Ga layi dubu goma sha biyu ba za ka ga bambancin sauri ba.

Idan kuwa aikin na kowane wata ne, ka ware masa wuri. Ƙirƙiri folda da sudo mkdir /srv/shigo, ka kwafi fayil ɗin can da sudo cp, sannan sudo chown postgres /srv/shigo/manoma.csv da sudo chmod 640 a kansa. Ka lura mun ce cp. Shi mv yana ɗauko fayil ne da tsohon mai shi da tsohon izininsa. In kuma saƙon ya canza ya ambaci pg_read_server_files, wannan izini ne na cikin rumbun kansa, wanda ya zo tun PostgreSQL 11. Wanda aka ba shi zai iya karanta duk fayil ɗin da postgres ke iya karantawa, don haka ba a raba shi kamar goron suna.

Ka kuma mayar da wancan fayil ɗin 600 yau ɗin nan. Lambobin wayar mutane ne a ciki, 777 kuwa yana nufin duk mai asusu a injin da ya iya isa gare shi zai iya sauya su.

TAMBAYA: Ina aiki a ofishin jarrabawa na wata makarantar kuɗi a Gusau. Muna da MySQL 8.0 a kan Windows. Da na yi LOAD DATA INFILE don sakamakon zangon karatu, sai kuskure mai lamba 1290 ya fito yana ambaton secure-file-priv. Wani ya ce in ƙara kalmar LOCAL, na ƙara, sai kuma 3948. Ina mafita?
Daga wata malama a Gusau.

AMSA: Malama, naki ba laifin Windows ba ne. MySQL ne da kansa ya kafa shinge, ya ce daga folda ɗaya tak zai karɓi fayil. Ki tambaye shi wace ce: SHOW VARIABLES LIKE 'secure_file_priv'; A Windows yawanci zai nuna miki foldar Uploads da ke cikin C:\ProgramData\MySQL\MySQL Server 8.0. Ita ProgramData a ɓoye take, sai kin rubuta sunanta da hannu a gurbin adireshi. Ki ajiye fayil ɗin a can.

Ga inda da yawa ke sake faɗawa. A cikin umarnin, ki juya sandunan adireshin su kalli gaba: 'C:/ProgramData/MySQL/MySQL Server 8.0/Uploads/sakamako.csv'. Idan kika bar su yadda Windows ke rubutawa, MySQL zai haɗiye su, adireshin ya gurɓace, 1290 ya dawo kamar ba ki yi komai ba. In kuma 1045 kika gani, asusunki ne ba shi da izinin FILE, sai mai kula da rumbun ya ba ki.

Za ki ci karo da masu cewa a buɗe my.ini, fayil ɗin saitin MySQL, a bar secure_file_priv fanko. Zai yi aiki, amma ba mu ba ki wannan shawarar ba. Kin rushe katanga ne don shigar da buhu ɗaya.

Shi kuma 3948 yana cewa an kashe LOCAL ne, wato damar aika fayil daga kwamfutarki zuwa rumbun, kuma sai an kunna shi ta ɓangare biyu. A rumbun: SET GLOBAL local_infile=1; A naki ɓangaren: ki shiga da mysql --local-infile=1, ko in da manhajar MySQL Workbench kike aiki ki ƙara OPT_LOCAL_INFILE=1 a shafin Advanced na haɗin. Ki sani SET GLOBAL ba ya kwana, da an ɗauke wuta injin ya sake tashi, ya manta. SET PERSIST ne ke zama. An kashe LOCAL tun farko ne saboda rumbun da ba a amince da shi ba zai iya neman wani fayil dabam daga kwamfutarki, don haka a rumbun makarantarku kaɗai za ki kunna shi.

Tunda daga Excel fayil ɗin ya fito, ki adana shi a matsayin CSV UTF-8, ki sa CHARACTER SET utf8mb4 da LINES TERMINATED BY '\r\n' a umarnin. In ba haka ba, sunayen ɗalibai masu ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya.

TAMBAYA: Ranka shi daɗe, shagon sari ne gare mu a Jega, da SQL Server Express. Jerin kaya yana kwamfutar akawu, wadda muke gani a matsayin Z:. BULK INSERT yana ba ni kuskure 4861.
Daga mai karatu a Jega.

AMSA: Alhaji, 4861 kan labari ne kawai, ka karanta ƙaramar lambar da ke ƙarshen saƙon. Lamba 3 tana nufin bai ga hanyar ba, 5 ya gani an hana shi, 32 kuma wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin, galibi Excel da aka bari a buɗe.

Muna kyautata zaton 3 ka gani. Harafin Z: na wanda ya haɗa shi ne kaɗai, SQL Server bai san da shi ba. Idan da asusun SQL Server mai suna "sa" kake shiga, mai karanta fayil ɗin shi ne asusun da manhajar ke gudana da shi, wanda a Express yawanci NT Service\MSSQL$SQLEXPRESS ne. Ka tabbatar a SQL Server Configuration Manager, ƙarƙashin Log On As. Ko ka rubuta cikakken adireshin kwamfutar akawu, ita ba ta san wannan asusun ba, sai 3 ta koma 5.

Ka kwaso fayil ɗin, ko da a filashi ne, zuwa injin da SQL Server ke kai, cikin folda irin D:\shigo. Danna dama a kan foldar, ka bi Properties, Security, Edit, Add, ka rubuta sunan asusun nan daidai, ka ba shi Read kaɗai. Idan bayan haka 4834 ya fito, a sa asusun da kake shiga da shi cikin rukunin bulkadmin.