Gane kayan birkin faifai a ƙafar gaban tsohuwar Ford

Sani, ka ce ka bincika littafin kayan gyara na Ford ta 1932 daga farko har ƙarshe ba ka ga fad ɗin birki, wato abin da ke matse faifai ya tsayar da taya, da zai shiga motar nan ba, kana tambaya da wane suna za ka yi oda. Ajiye littafin, ba za ka samu a ciki ba. Ford ba ta fara birkin mai ba sai 1939, kafin nan sanduna da wayoyi ne ke jan birkinta, balle a yi zancen faifai. Irin waɗannan motoci da Amurkawa ke kira hot rod, gangar jiki ce kawai ta shekarar da ke cikin takarda. Abin da ke bayan taya kuwa, wani ne ya tattaro shi daga motoci uku ko huɗu, galibi kuma bai rubuta komai ba. Don haka kowane ƙarfe za ka tambaye shi sunansa shi kaɗai, da ma'auni a hannunka.

Fara daga ciki, wato sifindil, ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kansa, domin shi ke yanke hukuncin abin da zai iya hawa. Leƙa bayansa inda biraket, farantin ƙarfen da ke riƙe kan birki, ya kama. In fuskar zagayayya ce, ƙirar Ford ce ta 1937 zuwa 1941. In mai kusurwa huɗu ce, ta 1942 zuwa 1948 ce. Kaurin kimfin ɗinsu, wato sandar da sifindil ke juyawa a kanta in an karya sitiyari, ɗaya ne, 13/16 na inci, sai dai na ƙarshen ya fi tsawo. Akwai kuma masu sa na Chevrolet na 1949 zuwa 1954, shi kimfin ɗinsa ya fi kauri kaɗan, biraket ɗinsa ma daban. Yawancin waɗanda za ka gani yau sabuwar ƙira ce da aka kwaikwayi ta 1937, kada sheƙinsu ya ruɗe ka, awon ɗaya ne.

Sai faifan. Auna faɗinsa, sannan ka auna tazarar kusoshin taya. A mai kusa biyar, ka ɗora ma'auni a tsakiyar ɗaya, ka tsallake ta kusa da ita, ka kai bakin waje na ta uku. In ka samu inci 4.75, na gidan GM ne, wato General Motors masu Chevrolet, irin na Camaro da Chevelle. In 4.5 ne, ka zargi Ford Granada ta wajen 1975 zuwa 1980, mai faɗin inci 11, ko kuma Volare da Aspen na gidan Chrysler. In 5.5 ne, mai motar ya so ya riƙe tsofaffin rim ɗinsa na Ford, sau da yawa kuma faifan a-kori-kura ne, F-100 ko F-150. Ƙaramin faifai mai inci 9 kuwa na Mustang II ne. Goge tsatsar da burushin waya, za ka ga lamba a jikinsa tare da iyakar kaurin da bai kamata ya gaza ba. Rubuta su duka.

Yanzu kalifa, wato kan birkin da ke riƙe fad yana matse faifai da shi, inda tambayarka take. Iri biyu na GM su ne suka cika irin wannan aiki, dukansu masu fistan ɗaya, daga nesa kuma kamar Hassan da Hussaini. Babban na motocin 1969 zuwa 1977 ne. Tsakanin dogayen kusoshinsa biyu wajen inci 7, fad ɗinsa ana kiransa D52. Ƙaramin na 1978 zuwa 1988 ne, irin na Malibu da Monte Carlo, tsakanin kusoshinsa wajen inci 5.5, fad ɗinsa D154. Wannan awo ɗaya ya isa ka yi odar fad. Amma ka lura da kusar da ke ɗaure tiyon mai: ta babban irin, zaren inci gare ta, 7/16, ta ƙaramin kuma zaren milimita 10. Suna kusa da juna har mutum ya iya fara murza ta wani a ramin wani. In ka ji ta yi tauri tun juyi na biyu, tsaya, kada ka sa sifana ka matse, ka cinye zaren kalifa ke nan. In kuwa ka tarar da kalifar alminiyam mai fistan a kowane gefe, na kamfanoni irin su Wilwood ne, sunan yana jiki, fad ɗinsa kuma a wurinsu ake nema.

Abin da ya fi ba sababbin hannu wahala shi ne boris. An yi faifan ne don wata mota ta shekarun 1970, sifindil kuma ƙirar 1937, ramin boris na ciki ba ya zama daidai a kansa. Shi ya sa masu haɗa kayan ke buga wani zoben ƙarfe a gindin sifindil, boris da oyil sil, robar da ke tare giris, su hau kansa. Bayan shekaru cikin giris sai ya saje, ka rantse da shi aka ƙera sifindil ɗin. Kada ka buge shi ka jefar, kada kuma ka auna kansa ka ce kaurin sifindil ne. Boris kuwa ba a cankensa, lambarsa na rubuce a gefensa. Za ka yawaita cin karo da LM11949 a waje da LM67048 a ciki, amma karanta wanda ka ciro, kada ka dogara da bakina. Akwai kayan da ake haɗa cikin boris na wata mota da kofin wata, saboda haka kofin ma, wato zoben da boris ke zama a ciki, ka duba tasa lambar.

Biraket ɗin shi ne ba na wata mota ba. Ko dai na masu sayar da kayan hot rod ne irin su Speedway Motors da ke Nebraska, ko wani ya yanka faranti ya yi walda a gida. Na gida ba na ƙinsa don na gida ne, amma sai na ga kalifar ta zauna a tsakiyar faifai, fad ya ci ko'ina daidai, babu tsagewa kusa da ramuka. Ka duba kuma nonon fitar da iska yana sama a kowane gefe. In yana ƙasa an musanya hagu da dama, ko ka kwana kana fitar da iska feda ba za ta yi ƙarfi ba.

Kafin ka rufe, leƙa ƙarƙashin daɓen motar, can masta, famfon da feda ke tura man birki da shi, take zama a irin waɗannan. Tunda tana ƙasa da kalifa, ana sa ɗan bawul a layin gaba mai riƙe matsin fam 2 a kowane murabba'in inci don kada mai ya koma baya. Na birkin diram fam 10 yake riƙewa, in shi aka bari a layin faifai, fad zai yi ta gogar faifai har ya ƙone. Tunda ka ce fad ɗin ya cinye da wuri, ka ɗaga gaban da jak, ka taka birki ka saki, ka juya ƙafar da hannu. In ta ƙi juyawa, sassauta nonon. In mai ya fito da ƙarfi ƙafar ta saku, matsalar a layi take, sabon fad ba zai magance ta ba. Kawo mini awon a takarda mu duba tare kafin a kira mai kaya.