Bututun ƙarfe don ƙuntatar hanyar madaciya da ba ciwon daji (kansa) ba

Ɗan'uwa, ka ce likita ya faɗa wa mahaifinku hanyar da ruwan madaciya ke bi daga hanta zuwa hanji ta ƙuntata bayan tiyatar cire madaciya, ba kansa ba ce, kuma yana son sa masa bututun ƙarfe maimakon na roba. Kana tambaya ko ba haɗari.

Abu na farko da za ku tabbatar: bututun ya zama mai rufi gaba ɗaya, wato an lulluɓe ragar ƙarfen da aka yi shi da ita. Wanda ba shi da rufi, nama kan tsiro ya ratsa ragarsa har ya gagara cirewa, shi ya sa ba a sa shi idan ba kansa ba ce. Mai rufin kuwa ana shigar da shi ta baki da na'urar hangen ciki, ya buɗe da kansa zuwa faɗin milimita 8 ko 10, ya zauna wata 6 zuwa shekara, sannan a ciro shi. Na roba ƙanana ne, sai an jera da yawa, ana canza su kusan kowane wata 3. Ga dattijo, rage yawan shiga wannan aikin ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Babbar matsalar na ƙarfe mai rufin ita ce yana iya zamewa daga wurinsa, kuma bai dace ba idan ƙuntatar tana can sama dab da hanta, domin zai toshe rassan gefe. Ku riƙe ranar cirewa da kyau. In kun ga zazzaɓi, idanu sun yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, ku koma asibiti a ranar. Allah Ya ba Baba lafiya.