Akwatin shayin Ingila: fuskarsa ta ɗago, ko jabu aka sayar mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi wani ɗan akwatin katako mai makulli a wata kasuwar tsofaffin kaya a Landan. Mai shagon ya ce na ajiyar ganyen shayi ne, na wajen shekarar 1790. Da hunturun bana ya kankama a Kano, sai gefe ɗaya ya ɗago kamar ɓawo, na ga wani farin katako mara kyau a ƙarƙashi. An cuce ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika gani ba shaidar algus ba ce. Haka ake yin yawancin akwatunan nan tun asali. Kafinta zai haɗa gangar jikin da katako mai arha, irin su pine, sannan ya lulluɓe shi da siraran falle na itace mai tsada. A fallen nan gwanintar take.

A Ingila ta ƙarni na 18 shayi dukiya ne. Harajinsa ya kai kashi 119 cikin ɗari kafin firaminista William Pitt ya sauke shi zuwa kashi 12 da rabi a 1784, don ya karya 'yan fasa-ƙwauri. Shi ya sa kika ga makulli: uwargida ce ke riƙe ɗan mabuɗin, ita ke auna ganye a gaban baƙi. Akwatin da za a ajiye a falo kuwa dole ya yi kyau. Sunansa ma a Turanci, caddy, daga kalmar Malay ce, kati, wani ma'auni mai kusan giram 600.

To, ki duba gefen da ya ɗago da kyau. Fallen wancan zamani da zarto ake yanka shi, don haka yana da kauri, yakan kai milimita ɗaya da rabi ko fiye, kuma kaurin ba ya zama daidai ko'ina. Na yanzu inji ke fere shi, bai fi rabin milimita da 'yan kai ba. Idan naki mai kauri ne, alama ce mai kyau. Itatuwan da aka fi so su ne mahogani daga Jamaika da Kuba, wanda dangin madacinmu ne, sai satinwood mai ruwan zuma da ya yi tashe a shekarun da aka ambata miki. Idan akwai hoton katantanwa a murfi ko a gaba, ki lura da inuwar da ke jikinsa. Ba fenti ba ne. Guntayen farin itace ake tsomawa a cikin rairayi mai zafi har gefensu ya ɗan ƙone, a jera su ɗaya bayan ɗaya. Ni dai duk lokacin da na riƙe irin wannan aiki sai na jinjina wa haƙurin mai shi.

Hunturu ne ya yi miki ɓarna. Akwatin ya shekara fiye da 200 a ƙasa mai laima, ya zo inda iska ke tsotse ruwan jikin katako. Na ciki ya tsuke, fallen waje bai bi shi daidai ba, tsohon gam ɗin da aka dafa daga fatar dabba ya saki. Don Allah kada ki sa masa super glue, kada kuma ki bari a goge shi da samfefa ko a shafa masa man ƙyalli. Gam ɗin fata yana sake narkewa da ɗumi da ɗan danshi, mai gyaran da ya san aikin zai iya kwantar da fallen ya matse shi ya koma yadda yake. Kafin nan, duk guntun da ya faɗo ki adana shi a ambulan, ki sa akwatin a cikin kabad nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki, da ɗan kofin ruwa a kusa da shi.

Ki buɗe ciki ma. Sau da yawa ɗaki biyu ne, na koren shayi da na baƙi, an shimfiɗa musu wata takardar ƙarfe mai launin toka. Ko ta ɓarɓashe ki bar ta, tana cikin abin da ke nuna shekarunsa. Sai dai akwai dalma a cikinta, saboda haka kada ki zuba ganyen da za a sha a ciki.