Wazirin da Ya Ɓoye Rasuwar Sarki

Tambaya: Malam, wai da gaske wani wazirin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya taɓa ɓoye rasuwar sarkinsa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yata. Sunansa Sokollu Mehmed Pasha, ɗan Kiristocin Bosniya da aka ɗauko yana saurayi, ya musulunta, aka rene shi a fada. Ya shugabanci rundunar ruwa a 1546, ya zama babban waziri a 1565.

A 1566 Sarki Sulaiman ya cika a cikin tantinsa, ana tsakiyar yaƙin Sigetbar a Hangari. Sokollu ya san halin sojojin Janisari, wato dakarun sarki na musamman, in sun ji labarin rasuwar, sansani zai watse. Sai ya ja bakinsa, ya ci gaba da fitar da umarni da sunan mamacin, ya aika wa Yarima Salim, ɗan Sulaiman kuma surukin Sokollu, a asirce. Makonni aka yi kafin a sanar. Ni dai ban ga laifinsa ba.

Sarakuna uku ya yi wa waziri, a zamaninsa ne ma jakadun Mai Idris Alooma na Borno suka je Istanbul. A 1579 wani ya daɓa wa Sokollu wuƙa ya mutu.