Gida kusa da babbar wayar wuta: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Dillali ya nuna mini wani gida a bayan gari a nan Kano, ɗaki uku da falo, kuɗinsa kuma ya gaza na sauran gidajen unguwar nesa ba kusa ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne manyan wayoyin wuta, masu dogayen turakun ƙarfe, sun bi ta bayan gidan. Maiɗakina ta ce ta ji suna jawo cutar daji, ga mu da ƙananan yara uku. Shi kuwa dillali cewa ya yi mutane sun shekara da shekaru a wurin, ba abin da ya same su. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kyauta da ka tsaya tambaya tun kuɗinka na aljihunka. Kafin mu zo kan tsoron uwargida, akwai aikin da nake so ka fara yi: ka nemi tef, ka auna tazarar da ke tsakanin katangar gidan da tsakiyar layin wayar. Kusan duk amsar tana cikin wannan awon.

Dokar ƙa'idojin harkar lantarki ta 2015, wadda NERC, hukumar da ke tsara harkar lantarki a Najeriya, ta fitar, kuma NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan lantarki, ke sa ido a kanta, ta ware wa kowane layi filin da ba a yin gini a cikinsa. Layi mai ƙarfin kilobolt 330 (kilobolt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar layi), irin wanda ya taso daga Mando a Kaduna ya sauka a Kumbotso, an ware masa mita 50, wato mita 25 ta kowane gefe daga tsakiya. Mai kilobolt 132 yana da mita 30, kowane gefe 15. Masu 33 da 11, waɗanda ke kan falwaya a cikin unguwanni, mita 11 ne, biyar da rabi kowane gefe. Tun da ka ce turakun ƙarfe ne dogaye, to naka ɗayan biyun farko ne, kuma na TCN ne, kamfanin da ke kula da manyan layukan dakon wuta na ƙasa. Idan ka tsaya daga nesa ka dubi jerin faya-fayen tangaran ko gilas da ke riƙe da wayar, za ka gane: kimanin goma alamar 132 ce, idan kuwa sun doshi ashirin kuma wayoyin na tafiya bibbiyu, 330 ce. Sau da yawa akwai allon gargaɗi a jikin turken da ya faɗi ƙarfinsa.

Idan ko da kusurwar katanga ce ta shiga cikin wannan fili, kada ka saya. Ban ce ka nemi ragi ba, na ce ka bar shi.

Ga dalilina. Mutane da yawa sun ɗauka sai an taɓa waya take kama mutum. Babbar waya ba ta jiran a taɓa ta. Idan ƙarfe ko jikin mutum ya matso kusa, wutar kan tsallake iskar da ke tsakani ta dira a kansa. Haka magina ke rasa rayukansu: an ɗaga rodi za a miƙa sama, ko an hau rufi da fallen kwano, ko an dogara tsani na ƙarfe. Ka tuna gidan da za ka saya ba zai zauna yadda yake ba. Wata rana za ka so ɗora tankin ruwa, ka sa faranti na sola ko na tauraron ɗan adam, ko ka ƙara bene idan Allah ya hore. Ga yara maza da hawa katanga da wasa da doguwar sanda. Sannan tsayin da ka gani yau ba shi ne na kullum ba: waya ƙarfe ce, idan ta ɗauki zafin bazara ga kuma nauyin wutar da take ɗauke da ita, sai ta miƙe ta yi ciki ta sauko ƙasa. Iskar farkon damina kuma kan kaɗa ta gefe, shi ya sa aka bar mata fili hagu da dama.

Waya kuma takan tsinke. Ranar 20 ga Afrilu 2017, a unguwar Nyaghasang ta Kalaba, babbar waya ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano ana tsakar kallon wasan Manchester United da Anderlecht, aƙalla mutum 7 suka mutu nan take. Su ma sun daɗe a wurin ba abin da ya same su, sai ranar da abin ya faru. Saboda haka maganar dillali ba hujja ba ce a wurina. Kuma a sani, wayar da ta faɗi ƙasa tana watsa wuta a cikin ƙasar da ke kewaye da ita. Duk wanda ya ganta ya tsaya aƙalla mita 10 nesa, wanda kuma ta faɗo kusa da shi kada ya ruga da manyan taku, ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali har ya fita.

Sai batun dukiya. Gidan da ke cikin filin waya ba ya samun sahihiyar takardar izinin gini, kuma ranar da hukuma ta zo rusau babu diyyar da za ka nema, domin tun asali ba wurin gini ba ne. Irin wannan ya fi yawa a filayen awon igiya, inda aka yanka fuloti har ƙarƙashin turke. Arahar da ka gani, wani ne ke neman sauke kayansa a kanka.

Yanzu ga maganar uwargida, kuma ba zan raina ta ba, don masana sun shafe fiye da shekara 40 suna bibiyarta. Kowace waya mai ɗauke da wuta tana fitar da wani ƙarfi iri biyu a kewayenta: na lantarki da na maganaɗisu. Na lantarkin, bango da bishiya da rufi suna tare shi. Na maganaɗisun kuwa yana ratsa bango, amma yana raguwa da sauri da zarar an ja baya. Ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba ne, ba shi da ƙarfin da zai karya ƙwayoyin halittar jiki.

Zancen ya samo asali a 1979, lokacin da wasu masu bincike biyu, Wertheimer da Leeper, suka ruwaito cewa a birnin Denver na Amurka cutar daji ta fi yawa ga yaran da gidajensu ke kusa da wayoyi masu ɗaukar wuta mai yawa. Aka yi ta bincike bayan nan. A 2000 aka tattara sakamakon ƙasashe da dama, sai aka ga yaran da ke zaune kullum a inda ƙarfin maganaɗisun ya kai maikirotesla 0.4 ko fiye (maikirotesla shi ne ma'aunin wannan ƙarfi), hatsarin sankarar jini a kansu ya kusa ninki biyu. Wannan ne ya sa a 2002 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a rukunin 2B, rukunin abubuwan da ake zargi amma hujja ba ta cika ba. A 2007 hukumar ta sake nazari, ta ce shaidar ba ta kai a ce wayar ce ke haddasa cutar ba: gwaje-gwaje a kan dabbobi ba su nuna hakan ba, ba a kuma gano hanyar da zai bi ya jawo ta ba. Ta ƙara da cewa ko da a ce da gaske ne, abin da zai haifar bai kai kashi 5 cikin 100 na sankarar jinin yara a duniya ba, cutar da dama can ba ta cika yawa ba. A Ingila ma, binciken da ya ga alaƙar a 2005, da aka faɗaɗa shi a 2014 sai aka tarar ta yi ta raguwa har ta ɓace ga yaran da aka haifa daga shekarun 1980 zuwa gaba, alhali wayoyin na nan inda suke. Ga manya kuwa, ba a samu tsayayyiyar hujja ba.

To ni yadda nake auna abin: zargi ne mai rauni, amma mai yara uku ba laifi ya yi taka-tsantsan, musamman tun da maganinsa tazara ce kawai. Bayan mita 50 zuwa 100 daga babban layi, abin da ke isowa gida yakan koma daidai da wanda wayoyin cikin gidan da firji da fanka ke fitarwa. Idan gidan yana tsakanin iyakar doka da wannan nisa, ka samu injiniyan lantarki mai na'urar awon maganaɗisu ya zo ya auna a ɗakunan kwana, a lokacin da layin ke ɗauke da wuta, ya fi kyau da almuru lokacin da ake jan ta da yawa. Awon da aka yi layi na kashe ba ya nuna komai. Idan ya fito ƙasa da maikirotesla 0.4, ku kwantar da hankalinku. Ɗakin yara kuma a ba su wanda ya fi nisa da wayar.

Akwai ƙaramin abu da ba a cika faɗa ba: ƙara. Manyan wayoyi kan yi wani zuuu da tsartsatsi, ya fi tsanani idan an yi ruwa ko raɓa ta sauka. Ba alamar lalacewa ba ce, amma wani ba ya iya barci da ita. Ka je wurin da dare ka saurara, ka tafi da uwargida ita ma ta ji, tun da ita ce za ta fi yini a gidan.

Idan awo ya nuna gidan yana waje da filin waya, kada ka tsaya a tef ɗinka kaɗai. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya fitar da tazarar a rubuce, ka kai takardun ga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, da KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar, a tabbatar maka fulotin na cikin tsari, sannan ka leƙa ofishin TCN na yankin ka tambaya ko akwai shirin ƙara wani layi a gefen wannan, domin sabon layi na zuwa da nasa filin. Idan duk waɗannan sun fito lafiya, za ka iya saya, amma ka taya da sanin cewa ranar da ka tashi sayarwa, mai saye zai zo da irin tsoron da ka zo da shi, shi ma zai nemi ragi. Ka karɓi naka ragin tun yanzu, kuma kada ka ba da ko kafin alƙalami sai takardar safiyo ta shigo hannunka. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.